Hatsarin Duwala: Abin da ya faru tsakanin matuƙa biyu

Idan mai karatu bai manta ba, a daren 5 ga watan Mayu na 2007 ne wani jirgin Kenya Airways ƙirar Boeing 737-800 ya tashi daga Duwala ta ƙasar Kamaru zuwa Nairobi, cikin duhu da hadari. Bai cika minti biyu a sama ba ya faɗa fadamar Mbanga Pongo. Mutum 114 ne a ciki, babu wanda ya tsira.

Da yawanmu mun ɗora laifin a kan hadarin. Sai a 2010 rahoton hukumar sufurin jiragen sama ta Kamaru ya nuna injinan lafiyarsu lau, matsalar tana ɗakin tuƙi.

Kyaftin ɗin ɗan shekara 52 ne, ya yi sama da awa 8,000 yana tuƙi. Mataimakinsa kuwa shekararsa 23, bai kai awa 1,000 ba. Ƙa'idar aikin ita ce idan ɗaya ya ba da umarni, ɗayan ya aiwatar, ya kuma faɗa da baki cewa an yi. A daren nan kyaftin ya ce a kunna na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, ya saki sitiyari. Na'urar ba ta kama ba, mataimakin bai ce uffan ba, shi kuma bai tambaya ba. Kusan minti guda babu mai riƙe da jirgin, yana ta karkata dama sannu a hankali. Da ƙararrawa ta yi kuka, kyaftin ya ruɗe, ya ƙara karkata shi daman.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda rahoton ya ce kyaftin ya riga ya tsawata wa yaron da kalamai masu zafi tun a hanyarsu daga Abidjan. Mun taso kan girmama na gaba, ba ma kuma ƙin haka, amma wanda aka gwale da yamma da wuya ya buɗe baki da dare.

Ba yau aka fara ba. A tsibirin Tenerife a 1977, kyaftin ɗin KLM da ya fara gudun tashi ba da izini ba shi ne shugaban masu horar da matuƙan irin jirgin a kamfaninsu. Injiniyansa ya yi tambaya, aka amsa masa da ƙarfi, ya yi shiru. Mutum 583 suka mutu.