Mabuɗin Insha'i a Jarrabawar Turanci: Abin da ke Wahalar da Yaran Ƙasar Matazu

1. Shimfiɗa

Kowace shekara, tsakanin watan Mayu da na Yuli, daidai lokacin da manoman Matazu da Musawa da Malumfashi ke fama da shuka da noman fari, 'ya'yansu na ajin ƙarshe a makarantun sakandare su kan zauna jarrabawar fita. Jarrabawar iri biyu ce. Akwai ta Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, wadda aka kafa a 1952, akwai kuma ta NECO, hukumar da Gwamnatin Nijeriya ta kafa a 1999, mai mazauni a Minna. Duk wadda yaro ya zauna cikinsu, in bai sami kiredit a Turanci ba, to, shigarsa jami'a ta yi wuya, ko da ya ci sauran darussa da kyau. Uban da ya sayar da masara ko auduga don ɗawainiyar karatun, sai ya sake jiran wata kakar.

Manufar wannan takarda ita ce a duba yanki ɗaya ƙarami na jarrabawar nan, watau sakin layi na farko na insha'i, wanda malamai ke kira gabatarwa ko mabuɗi. Za a nuna abin da mai duba takarda ke nema a cikinsa, da dalilin da ya sa Bahaushen yaro ke tuntuɓe a nan, sa'an nan da hanyar da malamin aji zai bi ya gyara.

2. Yadda a ke auna insha'i

Tsarin da za a bayyana shi ne wanda WAEC ta yi aiki da shi a jarrabawar 2024 da shekarun da suka gabace ta. A kan ba yaro tambayoyi 5 ya zaɓi ɗaya, ya rubuta kalmomin da ba su kasa 450 ba, a kan kuma shawarce shi ya yi aikin cikin minti 50. Tambayoyin su kan haɗa da wasiƙa, ko ta hukuma ko ta zumunci, da sharhi don jarida, da jawabi, da muhawara, da labari. Makin duka 50 ne, an kasa shi gida huɗu: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 kuma na ƙa'idojin rubutu. A wannan kashi na ƙarshe, kowane kuskure na nahawu ko na haɗa baƙaƙe ko na alamar tsayawa ya kan ci rabin maki. Ke nan kuskure 20 sun isa su share goman nan kakaf.

Ba a ware wa mabuɗi makinsa shi kaɗai ba, amma fa yana taɓa kashi huɗun nan duka. A cikinsa ne mai dubawa zai fara ganin ko yaro ya fahimci tambaya. A cikinsa ne zai gane ko akwai tsari, domin wanda bai san inda ya dosa ba tun farko, da wuya tsakiyar maganarsa ta daidaita. Kana kuma dogon mabuɗi mai jimloli masu sarƙaƙiya rumbun kurakurai ne, yaro ya kan zubar da makin ƙa'idojin rubutu tun bai shiga magana ba. Manomin da ke huɗa da garmar shanu ya san wannan: in kunyar farko ta karkace, sauran duk bin ta za su yi.

3. Yadda Bahaushe ke buɗe magana

Kuskure ne a zaci yaron Matazu ya zo aji bai san mabuɗi ba. Ya san shi sarai, sai dai wanda ya sani dabam ne. Tun yana goye ya ke jin yadda a ke buɗe tatsuniya da kira, masu sauraro su amsa, kafin Gizo ya fito. Ya ga baƙo ya yi sallama a zaure, an yi gaisuwar gida da iyali da aiki da ruwa, sai can daga baya ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ya ji ana karanta wasiƙa wadda ta fara da gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, ba a zo ga buƙata ba sai an ce bayan haka. In ya yi makarantar allo ko ta Islamiyya, ya san rubutacciyar waƙa da huɗuba su kan fara da sunan Allah da salati ga Annabi, sa'an nan a ce amma ba'adu.

Duk waɗannan mabuɗai aikinsu ɗaya ne, watau gyara tsakanin mai magana da mai sauraro. Wanda ya faɗo cikin buƙatarsa ba gaisuwa, a kan ce ba shi da ladabi. Mabuɗin insha'in Turanci kuwa aikinsa gyara tsakanin mai karatu da maganar da za a yi. Mai duba takarda bai san yaron ba, ba zai taɓa ganinsa ba, ga kuma tarin takardu a gabansa. Abin da ya ke so ya sani da wuri shi ne: mece ce maganar, ina marubucin ya tsaya, ta ina zai bi?

Wani masani Ba'amurke, Robert Kaplan, ya tayar da wannan zance a 1966, bayan ya duba ɗaruruwan insha'in da ɗalibai baƙi suka rubuta da Turanci a Amurka. Ya ce kowace al'umma da irin yadda ta ke jera tunani a rubuce, kuma ɗalibi ya kan ɗauko tsarin harshensa ya zuba wa Turanci. Masana da yawa sun soki aikin daga baya, suka ce ya yi wa al'ummu kuɗin goro. Sukar tana da gaskiya, domin Bahaushe ma ba hanyar buɗe magana ɗaya gare shi ba, kamar yadda za a gani. Duk da haka ainihin abin da ya lura da shi yana nan a ajin kowane malamin Turanci a ƙasar Hausa.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ta yi suna wajen horar da ɗalibai Turanci, daga cikinsu har da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam. Amma ɗalibanta kaɗan ne, zaɓaɓɓu, suna kwana suna tashi tare da malamansu. Yaron ƙauye na yanzu kuwa, ya kan ji Turanci a aji kaɗai, cikin taron 'yan'uwansa masu yawa, da an tashi kuma sai Hausa.

4. Kurakurai huɗu

Na farko shi ne gaisuwa a inda ba wurinta ba. A ce an tambayi yaro ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukumarsa wasiƙa a kan matsaloli uku da ke damun manoma. Sai ya fara da tambayar lafiyar shugaba da iyalinsa, da fatan yana nan ƙalau kamar yadda shi ma ya ke. A Hausa wannan ladabi ne, a wasiƙar hukuma ta Turanci kuwa aibi ne, domin ya nuna yaro bai bambanta ta da wasiƙar zumunci ba.

Na biyu shi ne ɗauko magana daga nesa. An tambaye shi illar tsadar taki, sai ya fara da cewa noma tsohuwar sana'a ce wadda kowa ya zo duniya ya tarar. Maganar gaskiya ce, amma ta dace da kowace tambaya ta noma, saboda haka ba ta amsa ko ɗaya ba. Kafin ya iso ga taki ya cinye kalmomi ɗari da minti goma.

Na uku shi ne maimaita tambaya. Yaro ya kan kwafe kalmomin tambayar kamar yadda su ke, ya ce zai yi rubutu a kansu. Mai dubawa shi ne ya fi kowa sanin tambayar, ba ya bukatar a karanta masa.

Na huɗu, wanda ya fi muni, shi ne haddataccen mabuɗi. Yaron da ya saba da hadda, abu ne mai sauƙi gare shi ya riƙe sakin layi mai manyan kalmomi daga wani littafi, ya ɗora shi a kan kowace tambaya. Asiri ya kan tonu a sakin layi na biyu, inda Turancinsa na gaskiya ya bayyana. Riga ce ta aro, kowa ya gan ta ya san ba ɗinkinsa ba ne.

5. Gadar da ke cikin gida

Ba lalle ba ne malami ya ce wa yara hanyar iyayensu ba ta da kyau. Abin da ya fi shi ne ya nuna musu cewa a ƙasar Hausa ma akwai wuraren da a ke shiga magana kai tsaye. Mai ƙara a gaban alƙali, in an ba shi izini, ya kan faɗi da'awarsa nan take: wa ya ke ƙara, me ya ke nema, mece ce hujjarsa. Wanda ya je ofishin gona neman iri ko taki, bayan sallama sai buƙata. Mai shela a kasuwa ma haka. Insha'in jarrabawa da da'awa ya yi kama, mai dubawa shi ne alƙali, sakin layin tsakiya kuma su ne shaidu.

Malaman balaga na Larabci, waɗanda a ke karanta littattafansu a zaurukan Katsina da Zariya da Kano, suna da abin da su ke kira bara'atul istihlali, watau gwanintar buɗe magana ta yadda mai sauraro zai hango jigo tun daga farko. Malamin Turanci da ya ambaci wannan ga yaran da suka yi Islamiyya, zai ga sun kama da sauri, domin ya ɗora sabon abu a kan tsohon tushe.

6. Ƙirar mabuɗi mai kyau

A insha'i mai kalmomi 450, mabuɗi na kalmomi 40 zuwa 60 ya wadatar, watau jimla biyu ko uku. Ta farko ta faɗi maganar da kalmomin yaron kansa. Ta biyu ta faɗi matsayinsa ko manufarsa. Ta uku ta nuna hanyoyin da zai bi. Ga misalin wasiƙar da aka ambata, an ba da ma'anarta da Hausa don a ga ƙirar:

"Na rubuto ne don in jawo hankalinka ga halin da manoman ƙaramar hukumarmu ke ciki. Abubuwa uku ne suka fi damunsu: taki ba ya zuwa sai shuka ta wuce, hanyar kai amfani kasuwa ta lalace, wasu kuma tsoro ya hana su zuwa gonakin nesa. Zan bi su ɗaya ɗaya, in kuma ba da shawara."

Mai karatu zai lura cewa jimla ta biyu ta riga ta tsara sakin layi uku na tsakiya. Wanda ya rubuta wannan ba zai ɓace ba. Amma ba zai iya rubuta shi ba sai ya san hujjojinsa tukuna. Don haka ya kamata a koya wa yara su ɗauki minti biyar na farko su jera hujjojinsu a taƙaice, sa'an nan su rubuta mabuɗi.

Kowane irin insha'i kuma da nasa hali. A wasiƙar zumunci gaisuwa ta halatta, har ana son ta, amma jimla ɗaya ko biyu, sa'an nan dalilin rubutu. A muhawara da jawabi, a kan fara da ambaton shugaban taro da alƙalai da sauran mahalarta bisa girmansu, abin da Bahaushe ya riga ya gwanance da shi, sai dai lalle yaro ya faɗi ɓangaren da ya ke goyon baya nan da nan. A sharhin jarida, kan magana ne farko, sa'an nan jimlar da ta kama jigo. A labari kuwa ba a jera hujjoji, sai a fara da mutum da wuri da lokaci, a bar darasin ya fito a ƙarshe.

Wannan horo ba ya ƙarewa a sakandare. Jarrabawar IELTS, wadda aka fara a 1989, wadda kuma jami'o'in Ingila da wasu ƙasashe ke nema ga masu zuwa ƙaro ilmi, tana da insha'i na kalmomin da ba su kasa 250 ba cikin kamar minti 40. A nan wuri ya fi ƙuntata, mabuɗi sai jimla biyu: maganar da matsayin marubuci.

7. Shawara ga malaman horar da malamai

Malamin da ke da aji cike da yara ba zai iya gyara cikakken insha'i na kowa kowane mako ba. Amma zai iya gyara jimla uku. Saboda haka ya kyautu a ware mabuɗi a yi ta horo a kansa shi kaɗai. Malami ya rubuta tambaya a allo, a fara tattauna ta da Hausa har kowa ya iya faɗin matsayinsa cikin numfashi ɗaya, sa'an nan kowa ya rubuta mabuɗinsa da Turanci cikin minti biyar. A karanta wasu a fili, a tambayi aji: daga jin wannan, me a ke zaton zai biyo baya? In aji ya iya faɗa, mabuɗin ya yi. In ya kasa, a sake.

Wata dabara kuma ita ce a ɗauki magana ɗaya, kamar lalacewar rijiyar burtsatse a unguwa, a sa yara su buɗe ta sau uku: ga aboki, ga shugaban ƙaramar hukuma, ga masu karanta jarida. Ta haka su ke gane cewa mai sauraro ne ke sauya mabuɗi.

Lalle ne a fara wannan tun daga ƙaramar sakandare, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Nauyin kuwa yana kan kwalejojin da ke yaye malaman wannan yanki, kamar Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Katsina. Ya kamata sashen Hausa da sashen Turanci su riƙa koyar da insha'i da sanin juna, domin yaro ɗaya ne ke zaune a azuzuwan biyu. In malamin Hausa ya bayyana masa aikin sallama da gaisuwa a magana, malamin Turanci kuma ya nuna masa inda a ke taƙaita su da dalilin taƙaitawar, yaron zai shiga ɗakin jarrabawa ya san wace ƙofa ce ta dace da kowace tambaya.