Baltimore: Ga Babura, Ina Filin Koyo?

A birnin Baltimore na jihar Maryland a Amurka, hawa babur ɗin jeji a kan titi laifi ne. Dokar birnin ta ma hana gidajen mai zuba wa irin waɗannan babura fetur. Duk da haka, da zarar sanyi ya kau, ranar Lahadi samari kan fito ayari guda suna ɗaga tayar gaba sama, ƙananan yara na bin su da ido. Fim ɗin 12 O'Clock Boys na 2013 labarin wani yaro ne da ba shi da buri sai ya shiga wannan ayari.

Sha'awa dai akwai ta, wurin koyo ne babu. An ƙera babur ɗin ne don turɓaya da laka da tudu, filayen da aka keɓe masa kuwa suna can bayan gari. Yaron da mahaifinsa ke da a-kori-kura da kuɗin shiga fili zai fara a gaban malami, da hular kwano da takalmin kariya. Ɗan unguwar talakawa kuma lungu ne makarantarsa, malaminsa wani yayan unguwa da shi ma da ka ya koya. Nan ake karyewa, nan ake buge masu tafiya a ƙasa, nan ne sunan yaro ke shiga littafin 'yan sanda tun bai gama sakandare ba.

A 2016 'yan sandan birnin suka kafa runduna ta musamman, aka ƙwace ɗaruruwan babura. Mazauna da ƙarar inji ta hana barci suna da gaskiyarsu, ba wanda zai ga laifinsu. Sai dai kamen bai ƙara ko taku ɗaya na filin koyo ba.

To me ya hana a gina filin? Abin da ya faru a Cleveland ta jihar Ohio ya isa amsa. A 2017 majalisar birnin ta amince da dala miliyan 2.3 don gina filin babura a dandalin Marion Motley, da goyon bayan magajin gari Frank Jackson. Aka yi ta ce-ce-ku-ce kan hayaniya da kuɗin, daga ƙarshe aka jingine batun. Kowa na son a raba yaran da titi, amma ba a bayan gidansa ba. Ga kuma inshora: mai fili na tsoron ranar da yaro zai faɗi, iyaye su maka shi a kotu.

Brittany Young, 'yar Baltimore da ta yi aikin injiniya, ta ɓullo ta wata hanya. A 2017 ta kafa B-360, ƙungiyar da ke koya wa yara kimiyya da kanikanci ta hanyar babur, tsofaffin mahayan titi kuma su ne malamai. Dabarar ta yi ma'ana, domin yaron da ba zai saurari ɗan sanda ba yakan ji maganar gwaninsa. Amma ita ma ƙungiyar ta daɗe tana aron filayen ajiye motoci tana neman matsuguni na dindindin.

Ƙananan babura masu batir, irin KTM SX-E 5 da ya fito a 2019, na iya kashe ƙorafin hayaniya. Farashinsu ne ya fi ƙarfin yawancin iyalan da abin ya fi shafa.