Amfanin goga wuƙa a fata bayan an wasa ta a dutse

Mutane da yawa na ɗauka cewa da zarar wuƙa ta bar dutsen washi, aiki ya ƙare. Sai a yanka nama kaɗan a ji kaifin ya tafi, a ɗora wa maƙeri laifi, alhali matakin ƙarshe ne aka tsallake, wanda wanzamai suka daɗe da saninsa: goga baki a jikin fata.

Yayin da dutse ke cin gefe ɗaya na wuƙa, ƙarfen da ke can bakin yakan yi siriri har ya lanƙwashe zuwa ɗaya gefen. Ido bai cika ganinsa ba, amma idan aka shafa yatsa a hankali daga gadon wuƙar zuwa baki, za a ji ɗan kaushi. Wannan zaren ƙarfe yana yanka da farko, shi ya sa yake yaudarar mutane, sai dai ba ya jure aiki. Da ya gamu da katako ko ƙashi sai ya kwanta ko ya karye, ya bar baki a dakushe. Aikin fata shi ne ta cire shi, ta kuma goge zanen da dutse ya bari.

A dutse ana iya tura baki gaba, amma a fata haramun ne, domin zai yanke ta. Ana jan wuƙar ne da baya, gadonta a gaba, baki na biye, daga gindi har zuwa tsini. Karkatar da aka yi amfani da ita a dutse ita za a riƙe, wato kimanin digiri 15 zuwa 20 a kowane gefe ga wuƙar girki. Idan an kai ƙarshe, a ɗaga wuƙar gaba ɗaya kafin a juya ta, kada a mirgina ta a kan bakinta.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen dannawa. Fata tana da taushi, kuma idan aka danna sai ta lotsa ta naɗe bakin, ta mayar da shi dunƙulalle. Nauyin wuƙar da ɗan ƙari kaɗan ya wadatar. Don haka ga wuƙa, fatar da aka manna a kan shafaffen katako ta fi wadda ake ratayewa. Mai amfani da ta rataye kuwa dole ya ja ta ta miƙe sosai. Wasu kan shafa koren sinadarin goge ƙarfe domin aikin ya yi sauri, amma ko tsohon bel na fata ko kwali na iya biyan buƙata.

Fata ba ta gyara giɓi, ba ta kuma tayar da wuƙar da ta riga ta mutu. Wannan sai dutse. Mai shirin yanka dabba, musamman lokacin layya, ya gwada wuƙarsa a takarda tun kafin a kayar da ragon. Idan ta tsaya ko ta yage takardar, da sauran aiki.