'Yan Mazan Jiya da Masu Ra'ayin Sakin Mara: Inda Suka Haɗu da Inda Suka Rabu

A siyasar Birtaniya da Amurka akwai mazhabobin tunani biyu da akan haɗa a inuwa ɗaya, alhali asalinsu daban ne. Na farko su ne 'yan mazan jiya, masu ganin cewa addini da iyali da dokokin da aka gada su ne ginshiƙan zaman lafiya. Na biyu su ne masu ra'ayin sakin mara, waɗanda ke cewa kowane baligi shi ke da iko da kansa da dukiyarsa matuƙar bai cuci wani ba. Abin da ya haɗa su shi ne tsoron kada iko ya tattaru a hannun gwamnati.

Tunanin 'yan mazan jiya na zamani ya samo tushe ne daga Edmund Burke, ɗan majalisar Birtaniya. A shekarar 1790 ya wallafa littafi yana sukar juyin juya halin Faransa, inda ya yi gargaɗin cewa rushe tsarin gado a dare ɗaya zai haifar da rikici, daga ƙarshe wani jarumin soja ya ƙwace mulki. A 1793 aka kashe sarkin Faransa, a 1799 kuma Napoleon ya karɓe ragama. A wurin mabiya Burke, 'yanci gado ne da ake renonsa sannu a hankali. Iyali da majami'a da ƙungiyoyin unguwa su ne katangar da ke tsakanin talaka da mai mulki, idan suka rushe sai kama-karya ta samu ƙofa.

Masu ra'ayin sakin mara kuwa daga mutum ɗaya suke faro lissafinsu. Suna jingina da John Locke, wanda ya bayyana a littafinsa na 1689 cewa haƙƙin rai da 'yanci da dukiya ya riga gwamnati zuwa, kuma an kafa ta ne domin ta tsare shi. A 1974 Robert Nozick na Jami'ar Harvard ya kai wannan tunani ƙarshe. A ganinsa aikin gwamnati bai wuce kare jama'a daga ƙarfa-ƙarfa da sata da zamba ba, sai kuma tilasta cika yarjejeniya. Duk harajin da aka karɓa don a rarraba wa wasu, shi a wurinsa shiga haƙƙi ne.

Batun kasuwa shi ne inda hujjarsu ta fi ƙarfi. Friedrich Hayek, ɗan asalin Ostiriya, ya bayyana a 1945 cewa sanin abin da ake buƙata da abin da ake da shi a warwatse yake a kawunan miliyoyin mutane, babu ofishin da zai iya tattara shi. Farashi ne ke isar da labarin. Idan fari ya ci gero a wani yanki, kuɗin buhu zai tashi. Fatake su ɗauko hatsi daga nesa, magidanta su tsimi abin da ke rumbu, manoma su ƙara shuka a damina mai zuwa, ba tare da kowa ya ba da umarni ba. Idan hukuma ta ƙayyade farashin, sai hatsi ya ɓace daga kasuwa ya koma bayan fage. Shi ya sa suke cewa a bar kasuwa ta yi halinta. A littafinsa na 1944 Hayek ya ƙara da cewa gwamnatin da ta riƙe abinci da aikin yi da gidajen buga jarida ta riƙe bakin 'yan adawa ke nan. Milton Friedman na Jami'ar Chicago ya maimaita wannan hujja a 1962.

Muhawarar ta taɓa Afirka ta Yamma kai tsaye. A 1954 masanin tattalin arziki Peter Bauer ya soki hukumomin sayen amfanin gona na Najeriya da Gana ta yau, yana mai cewa suna sayen gyaɗa da koko ƙasa da farashin duniya su riƙe rarar, wanda haraji ne a ɓoye a kan manomi. Najeriya ta rushe waɗannan hukumomi a 1986, lokacin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida.

Adawa da gurguzun Tarayyar Sobiyet ce ta ɗaure ƙawancen ɓangarorin biyu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙawancen ya kai Margaret Thatcher ga mulki a Birtaniya a 1979, Ronald Reagan kuma a Amurka a 1981. Thatcher ta sayar da kamfanonin gwamnati, ciki har da British Telecom a 1984. A zamanin Reagan, haraji mafi girma kan kuɗin shiga ya sauko daga kashi 70 cikin ɗari zuwa kashi 28.

Sai dai saɓanin bai gushe ba. Hayek da kansa ya rubuta a 1960 cewa shi ba ɗan mazan jiya ba ne. Friedman ya yi adawa da tilasta wa matasa shiga soja, ya kuma nemi a daina haramta ƙwayoyi, abin da yawancin 'yan mazan jiya ba za su lamunta ba, domin suna ganin doka na da hurumin tsare tarbiyya.

Masu suka daga waje suna cewa ɗan da aka haifa cikin yunwa da jahilci 'yancinsa na takarda ne kawai, kuma babban kamfani ma yana iya danne talaka. Sukan kawo misalin Chile, inda bayan juyin mulkin 1973 Janar Pinochet ya buɗe kasuwa yana kuma ɗaure 'yan adawa, alamar cewa sakin kasuwa kaɗai ba ya tabbatar da 'yancin siyasa. Tun daga 2018, da shugaban Amurka Donald Trump ya fara sanya harajin fito kan ƙarfe da kayan Sin, ɓarakar ta ƙara fitowa fili: wani sashe na 'yan mazan jiya na son a kare masana'antun gida, masu ra'ayin sakin mara kuwa suna kallon harajin a matsayin nauyin da aka ɗora wa mai saye.