Ƙanzon Kwanon Ruwa: Abin Da Masu Gashin Hayaƙi Na Amurka Suka Gano

A jihohin Texas da Carolina da birnin Kansas na ƙasar Amurka, gashin nama da hayaƙi al'ada ce da ake tinƙaho da ita. Sunan da suke kiran ta da shi ya samo asali ne daga kalmar barbacoa ta mutanen Taino na tsibiran Karibiyan, wadda marubucin Sifaniya Oviedo ya rubuta a shekarar 1526, kuma ma'anarta ta farko ita ce ragar itace da ake ɗorawa bisa wuta.

Murhun da magidanta da yawa suke amfani da shi a can, irin su Weber Smokey Mountain da ya fito a 1981, hawa uku gare shi: gawayi a ƙasa, nama a sama, kwanon ruwa a tsakiya. Tunda ruwa ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Salsiyos idan yana tafasa, kwanon kan tare ƙarfin wuta, ya riƙe zafin murhun tsakanin digiri 107 da 121, har ƙirjin sa ya yi awa goma ko fiye yana nuna a hankali. A cikinsa ne kuma kitse da zaƙin kayan haɗi suke ɗiga.

Matsalar kan taso ne idan ruwan ya ƙone ba a ƙara ba. Nan take sukari ya zama gawayi, kitse kuma ya daskare ya koma tamkar fenti. Hausa tana da kalmar da ta dace da wannan, wato ƙanzo. Sai dai ƙanzon tuwo ana jiƙa shi a ci, wannan kuwa illa ne. Yana sa nama ɗaci, yana iya kamawa da wuta, kuma hayaƙin ƙonannen kitse na ɗauke da sinadarai irin su benzopirin, wanda hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sanya cikin jerin abubuwan da ke haddasa cutar.

Da ganin baƙin ƙanzo, zuciya kan raya wa mutum ya ɗauko wuƙa ko soson ƙarfe. Alhali kuwa kwanon ƙarfe ne da aka lulluɓe da siririn gilashi, irin kwanonin da iyayenmu mata suke jerawa a ɗaki. Da zarar rufin ya ɓantare, tsatsa ta samu ƙofa, ƙanzon gaba kuma zai fi kamawa.

Hanyar da ta fi inganci haƙuri take buƙata. A bari kwanon ya huce, a kwashe daskararren kitsen a zuba a shara, kada a tura shi magudanar ruwa. A 2017 an tono curin kitse da tarkace mai nauyin tan 130 da ya toshe magudanar unguwar Whitechapel a Landan. Daga nan a cika kwanon da ruwan zafi, a zuba bekin soda kamar cokali huɗu, a bar shi ya kwana. Sinadarin yana sassauta maiƙo, kamar yadda ruwan toka da kanwa suke yi a hannun masu haɗa sabulu. Kashegari a kankare da ludayin katako ko soson roba. Inda ya ƙi fita, a kwaɓa sodar da kauri a shafa, a sake jira.

Akwai kurakurai uku da ya kamata mai karatu ya kiyaye. Haɗa bekin soda da ruwan khal kan yi kumfa mai burgewa, amma kowannensu kashe ƙarfin ɗan'uwansa yake yi. Haɗa bilic da khal ko amoniya kuwa yana fitar da iska mai guba. Haka nan maganin wanke tanda mai soda mai ƙuna yana cinye kwanon da aka yi da alminiyam.

Ƙwararrun masu gashi sun daɗe da rage wa kansu wannan wahala. Sukan naɗe kwanon da takardar alminiyam kafin su hura wuta, su riƙa duba ruwan bayan 'yan awanni, su kuma wanke shi a ranar da aka yi gashin. Wanda ya yi haka, aikin minti biyar ne a gabansa, kuma kwano ɗaya zai yi masa shekaru.