Takin da Muke Zubarwa a Kwatami

Duk wanda ya bi ta kusa da babbar mayankar Kano da hantsi, hancinsa ne zai fara sanar da shi inda yake. Jini da dattin tumbi suna bin magudanai har su faɗa Kogin Jakara, wanda da ruwansa wasu manoman rani ke shayar da kayan lambun da muke ci. Ga kuma manomi yana kukan tsadar takin zamani, musamman tun da yaƙin Rasha da Yukren ya hargitsa kasuwar duniya a 2022. Abin da yake nema da kuɗi, shi muke zubarwa.

Busasshen jini yana ɗauke da sinadarin naitirojin kimanin kashi 12 cikin ɗari, wato wajen rubu'in abin da ke cikin takin yuriya mai kashi 46. Ƙashi kuwa cike yake da fosfaras, sinadarin da ke ƙarfafa saiwa. Sai dai zuba su ɗanye a gona ɓarna ce: suna ƙona shuka, su tara ƙudaje, su yaɗa cuta.

A nan ne ƙananan halittun da ido ba ya gani suke shigowa. Ba duk bakteriya ce ke kawo ciwo ba. Wasu aikinsu ruɓar da abu su mayar da shi abincin ƙasa, kuma tumbin saniya maƙil yake da su. Abin da suke buƙata shi ne abinci daidai gwargwado, da danshi, da iska. Akan gauraya jini da dattin tumbi da busassun abubuwa kamar buntun shinkafa da yankakken karan dawa, a tara tsibi, a riƙa juyawa. Cikin 'yan kwanaki zafin tsibin yakan haura digiri 55, kuma idan ya ɗore kusan mako 2 ana juyawa, yawancin ƙwayoyin cuta da 'ya'yan ciyawa sukan mutu. Bayan wata 2 zuwa 3 sai a samu baƙin taki marar wari, mai taimakon jigawa ta riƙe ruwa.

Amma akwai sharaɗi. Ƙwayar ciwon saifa, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a Suleja a Yulin 2023, ba ta mutuwa da wannan zafi. Saboda haka dabbar da likita bai duba ba, ko wadda ta faɗi ta mutu, bai kamata komai nata ya shiga tsibin ba.

Da tsohuwar zuma ake magani. Kakanninmu sun daɗe suna ɗora takin birni a mangala, jakuna su kai shi gonakin kewayen Kano, shi ya sa ake noma su kowace damina ba hutu. Abin da ilimi ya ƙara shi ne awo da tsafta.

Hukumomin da ke karɓar haraji a kan kowace dabbar da aka yanka su ware fili mai daɓen siminti da rumfa a gefen mayanka. Sarakunan fawa su sa a tari jini a mazubi tun wurin yanka. Cibiyar binciken noma ta Samaru da Jami'ar Bayero su gwada takin, su faɗa wa manomi buhu nawa kadada ke buƙata. Idan ba a yi haka ba, za mu ci gaba da biya sau biyu: a shagon taki da kuma a asibiti.