Sana'o'in Noma a Ƙofar Matashin Tudun Wada

Matashin Tudun Wada mai neman abin yi a harkar noma ba sai ya yi nisa ba. A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, cibiyar da ta faro tun 1922, inda masana ke fitar da ingantaccen irin masara, dawa, wake da gyaɗa. Malaman gona ne ke isar da wannan ilimi ga manoma, kuma a ganina nan aka fi bukatar matasa, domin ƙauyukanmu na neman mai koya musu. Mai son dabbobi sai ya karanci likitancinsu ko ya nufi cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika. Wanda bai je jami'a ba kuwa, ga kiwon kaji, sayar da taki, da noman rani a bakin kogin Galma.